Darasi na Tara: Tara Tsabar Azurfa ta Sarakunan Faransa

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda masu tara tsofaffin kuɗi suke nazarin tsabar azurfa ta sarakunan Faransa. Manufar ita ce ɗalibi ya gane cewa tsaba matani ce da ake karantawa.

Asalin Tsabar

A shekarar 1266 Sarki Luwis na 9 ya fito da wata babbar tsabar azurfa. Sai dai wadda ta fi shahara ita ce eku, wadda aka fara bugawa da na'ura a 1641, zamanin Luwis na 13. Daga 1726 nauyinta ya tsaya a kan giram 29 da kusan rabi.

Abubuwan Lura

Mai tara tsaba yakan duba abubuwa uku:

1. Harafin gidan bugu. Tun 1540 aka ba kowane gida harafinsa. Misali, A na nufin Faris, D kuwa Liyon. Tsabar gidan da ya buga kaɗan ta fi daraja.

2. Lafiyar tsaba. Ba a goge tsohuwar azurfa don ta yi ƙyalli, domin gugar takan ci rubutun, ta kuma karya farashin. Awon nauyi kuwa yakan taimaka wajen gane jabu.

3. Harshen rubutu. Wannan shi ne ya fi shafar manazarcin harshe. Kafin juyin juya halin 1789, da Latin ake rubutun, ana kiran mai mulki "Sarkin Faransa da Nabar, da yardar Allah". Dokar 1791 ta mayar da rubutun Faransanci, aka cire ambaton yardar Allah, Luwis na 16 ya koma "Sarkin Faransawa". Wato an raba shi da mallakar ƙasa, an danganta sarautarsa ga jama'a. A 1792 aka rushe sarautar, a 1793 aka kashe shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa sauyin kalma ɗaya a kan tsaba yana iya nuna sauyin mulki. Wanda ya goge rubutun ya shafe hujjar tarihi.

Aiki

1. Bambance tsakanin "Sarkin Faransa" da "Sarkin Faransawa" ta fuskar ƙirar kalma da ma'ana.
2. Me ya sa ba a goge tsohuwar tsaba?