Darasi Na Bakwai: Magungunan Zaburar Da Zuciya Da Gudanar Jini Zuwa Ƙwaƙwalwa

7.1 Gabatarwa

Garin Illela yana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Direbobin manyan motoci da fatake da ’yan dako sukan kwana a kan aiki, kuma abin da suke korar barci da shi shi ne goro da shayi mai kauri da Nescafe. Akasarinsu sun ɗauka cewa duk abin da ya ƙara wa zuciya bugu to ya ƙara wa kai jini ke nan. Wannan darasi zai nuna cewa lamarin ba haka yake ba.

7.2 Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Tsare Rabonta

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kimanin kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, tana kuma cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Ba ta da rumbun ajiya. Jini na yankewa, cikin daƙiƙa goma sai mutum ya suma. Saboda haka jijiyoyinta suna da tsarin daidaita kansu: idan ƙarfin jini ya hau sai su tsuke, idan ya sauka sai su buɗe. Ta haka rabonta ke zama kusan ɗaya, ko zuciya tana gaggawa ko tana natse.

7.3 Goro Da Danginsa

Sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa shi ne kafeyin. A jikin ɗan’adam akwai wani sinadari, adinosin, wanda ke taruwa idan an gaji, ya kawo barci, ya kuma buɗe jijiyoyin kai. Kafeyin yakan tare masa gurbi ne. Sai barci ya gudu, bugun zuciya ya ƙara ƙarfi, amma jijiyoyin kai su tsuke, har jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu da kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wato wartsakewar da direba ke ji ba ta ƙarin jini ba ce, gajiyar ce aka rufe wa baki. A nan ne kuma asalin ciwon kan ma’abocin goro ranar da ya rasa shi, kamar a farkon azumi: jijiyoyin da suka saba da tsukewa ne suka saki gaba ɗaya.

Ga lafiyayyen baligi wannan ragi ba ya cutarwa. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini bai zama abin damuwa ba. Inda haɗari yake shi ne amfetamin da hodar iblis, waɗanda hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, ke farauta a kan iyakoki. Su kan cilla ƙarfin jini sama farat ɗaya, har ya fi ƙarfin tsarin daidaitawar nan, jijiya ta fashe ko ta shaƙe. Sakamakon shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko da ga saurayi ɗan shekara 25, balle mai hawan jini da bai san yana da shi ba.

7.4 A Hannun Likita

Ko a asibiti matsalar tana nan. Allurar adirenalin ita ce ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya. Wani bincike da aka gudanar a Birtaniya, aka buga a 2018, a kan mutum fiye da 8,000, ya nuna cewa allurar ta ƙara yawan waɗanda suka rayu, daga kashi 2.4 zuwa 3.2, amma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a yawan waɗanda suka tashi da ƙwaƙwalwa lafiya. Ana zaton dalili shi ne tana tsuke ƙananan jijiyoyin kai a daidai lokacin da take tayar da zuciya.

7.5 Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin ciwon kan mai cin goro a farkon azumi.
2. Me ake nufi da “gajiyar ce aka rufe wa baki”? Wane irin adon harshe ne wannan?