Darasi na 18: Jinyar kare bayan aikin kwatangwalo

Abu Hujar gari ne a ƙasar Sudan, cikin jihar Sennar, a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu. A wannan yanki akwai ƙauyukan Hausawa. Kakanninsu sun taso ne daga ƙasar Hausa, waɗansu a kan hanyarsu ta zuwa Makka, waɗansu kuma bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Suna noman dawa da riɗi, suna kiwon awaki da tumaki. Can ma, kamar nan, kare yana da aiki. Shi ke gadin gida da dare, shi ke korar dila daga garke.

Amma kare yakan gamu da hatsari. Mota takan buge shi, ko jaki ya harbe shi, har ƙashin kwatangwalonsa ya goce. Sai ku ga ya rataye ƙafar baya, yana tafiya da ƙafa uku, yana kuka.

Ina ne kwatangwalo? Ku dafa gefen ƙugunku, ku ɗaga ƙafa ɗaya. Gaɓar da kuka ji tana motsi, ita ce. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle. Wannan kai yana zaune cikin wani gurbi, kamar taɓarya a cikin turmi. Idan ya fita daga gurbin, kowane taku sai da zafi.

Kare mai ciwo yakan ciji kowa, har uban gidansa. Saboda haka yaro kada ya taɓa shi, ya kira babba. Babba zai ɗaure masa baki da tsumma, ya ɗora shi a kan buhu, a kai shi wurin likitan dabbobi. Wannan likita ya yi karatun aikinsa a makaranta. Makarantar farko ta irin wannan aiki an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a shekarar 1761. A Sudan kuwa, an buɗe irinta a Kartum a shekarar 1938.

Da farko likita zai ɗauki hoton ƙashin. Sa'an nan ya yi wa karen allurar barci, ya gwada mai da ƙashin gurbinsa. In ya ƙi zama, sai a yi aiki. A ɗaya daga cikin irin ayyukan da ake yi, likita yakan yanke kan ƙashin cinya, ya cire shi, ya ɗinke fata. To, da me karen zai tsaya? Jiki da kansa yake yin sauran aikin. Wani nama mai tauri yakan tsiro a wurin, tsokokin cinya kuma su riƙe ƙafar. Kare mara nauyi ya fi saurin warkewa.

Aikin likita na yini ɗaya ne, amma jinya ta makonni ce, kuma a gida ake yin ta.

A kwanakin farko kare yana bukatar hutu. A shimfiɗa masa buhu mai tsabta a inuwa, a ajiye masa ruwa da abinci kusa. Kada a bar shi ya lashi ɗinkin, don zai iya tsinke zaren. A riƙa korar ƙuda, gama ƙuda yakan yi ƙwai a rauni, tsutsa ta fito. In an ga kumburi ko mugunya, ko aka ji wari, a koma wurin likita. A ba shi maganin da likita ya rubuta kawai. Maganin ciwon kai na mutane yana iya kashe kare. Bayan kwana 10 zuwa 14, likita zai cire zaren.

Daga nan sai koyon tafiya. A nan ne mutane sukan yi kuskure iri biyu. Wani, don tausayi, sai ya bar karen kwance kullum. Ƙafar da ba ta aiki kuwa takan rame, ta sandare. Wani kuma, da ya ga karen ya miƙe, sai ya sake shi ya bi garke da gudu, ciwo ya dawo sabo. Abin da ya dace shi ne a sa masa igiya, a zaga da shi a hankali na ƴan mintoci, safe da yamma, a wuri mai laushi. In ana tafiya sannu, dole ya taka ƙafar mai ciwo. In ana sauri, sai ya rataye ta. Kowane mako a ƙara nisa kaɗan. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.

Yawancin karnuka sukan koma tafiya da ƙafa huɗu cikin mako 6, su ƙara ƙarfi cikin wata 2 ko 3. Ƙafar takan ɗan gajarta, wani karen ma yakan saura da ɗan ɗingishi, amma zafin ya tafi, ya koma gadinsa.

Duk wanda ya taɓa karen, ya wanke hannunsa da sabulu. Ku kuma tuna, ya zo a hadisi cewa Allah ya gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Dabbar da ta yi mana gadi tana da lafiya, hakkinta ne mu kula da ita ranar da ta kwanta.

Sababbin kalmomi

kwatangwalo: la hanche
ƙashi: l'os
tsoka: le muscle
rauni: la blessure
likitan dabbobi: le vétérinaire

Tambayoyi

1. A bakin wane kogi Abu Hujar yake?
2. Don me ba a so yaro ya taɓa kare mai ciwo?
3. Me ke riƙe ƙafar kare bayan an cire kan ƙashin cinya?
4. Faɗi kuskure biyu da mutane sukan yi wajen jinya.
5. Zana kare a littafinka, ka nuna inda kwatangwalonsa yake.