Me Kake Fara Buɗewa da Asuba?

Karatu: Markus 1:35

Ɗan'uwa, ka tuna gidajenmu kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001? Da asuba baba yakan kunna fitilar ƙwai, mu taru a kan tabarma, Littafi Mai Tsarki ɗaya tak yana zagaya hannuwa. Yau kowa yana da nasa cikin waya, mun gode wa Allah. Amma faɗi gaskiya: da ka farka, WhatsApp kake fara buɗewa ko Maganar Allah? Ni ma na sha faɗawa cikin wannan tarko.

Yesu ya warkar da mutane da yawa a Kafarnahum da maraice, duk da haka kafin gari ya waye ya keɓe yana addu'a. Gobe ka bar wayar a caji, ka ta da iyalinka, ku durƙusa tukuna.