Ɗiyata, Kafin Ki Fara Yi wa Jami'a Gudu

 Babanki ya turo mini bidiyon tseren da kika ci, na kalla har sau uku, na kira maƙwabta suka taya ni murna. Ya ce wata jami'a a can Amurka ta ɗauki nauyin karatunki saboda ƙafarki, kuma da kaka za ki fara yi mata gudu. Allah Ya sanya albarka. Sai dai ni gwaggonki na yi shekaru ina malamar wasanni, na daɗe ina riƙe wa yara agogo a bakin fili, don haka ba zan tsaya a barka kawai ba. Zauna ki ji.

A sakandare kin saba ki waiga ki ga babu kowa a bayanki. Ranar da kika tsaya a layin gasar jami'o'i, wadda hukumar NCAA ke shiryawa, duk wadda ke gefenki ita ma gwanar garinsu ce, ita ma an sa hotonta a jarida. Gaba da gabanta. Ke kina da shekara 18, wasunsu 22 ko 23, sun yi shekara huɗu suna cin wuyar horon da ke yanzu za ki fara ɗanɗana. Tazarar ma ta ƙaru. Gudun ratsa daji da kika saba yi kilomita 5 zai koma 6 a babbar gasa, na maza kuwa daga 5 yake tsallakawa zuwa 10. Shekarar kuma babu sarari a cikinta: da kaka ratsa daji, da hunturu tsere a rufaffen fili, sanyi na wucewa a koma filin waje. Doka ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako, amma zirga-zirgar mota da jirgi ba ta cikin wannan lissafi. Ga lacca, ga jarrabawa, ga kwana a ɗakin da babu ƙamshin girkin mamanki. Idan a shekarar farko kika zo ta 40, kada ki ce ƙafarki ta mutu. Fili ne ya canza.

Kin fi ni sanin Katelyn Tuohy. Sau uku a jere, daga 2017 zuwa 2019, ta ci babbar gasar ratsa daji ta 'yan sakandare da kamfanin Nike ke shiryawa, har mutane suka ɗauka da ta shiga jami'a babu mai ganin ƙurarta. Kafin ma ta fara yi wa jami'ar jihar Karolina ta Arewa gudu sai da aka yi mata tiyata a gwiwa. A gasar ƙasa ta farko ta zo ta 24. A ta biyu ta zo ta 15. Masu surutu suka yi ta cewa tauraruwarta ta dusashe tun ba a je ko'ina ba. A Nuwamban 2022 ta zo ta ɗaya. Abin da nake so ki riƙe a labarinta shi ne waɗancan shekaru biyun da ta yi tana bin bayan wasu, tana tara wa tawagarta maki, ba ta yi zuciya ta ajiye takalmi ba.

A ɓangaren maza akwai Alan Webb. A 2001, yana ɗan sakandare, ya gudu mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 53.43, ya karya tarihin 'yan sakandare da Jim Ryun ya kafa tun 1965. Amurka ta ɗora masa ido kamar watan sallah. Ya shiga jami'ar Michigan, ciwon agara ya hana shi gasar hunturu, a tseren mita 1,500 na ƙasa ya zo na huɗu. Na huɗu a duk jami'o'in Amurka, ga ɗan shekarar farko, abin a yi walima ne, amma saboda sunan da ya zo da shi sai aka lissafa masa a faɗuwa. Shekara ɗaya ya yi ya bar tawagar, ya koma wurin kocinsa na sakandare. Gudunsa mafi kyau bai zo ba sai 2007, a ƙasar Beljiyam, inda ya yi minti 3 da daƙiƙa 46.91, ya kafa tarihin Amurka da ya yi shekara 16 ba a taɓa shi ba. Shekara shida ke nan tsakanin ranar da aka fara yi masa kirari da ranar da ya cika kirarin.

Jordan Hasay ma haka. Tana da shekara 16 ta kai zagayen ƙarshe a gasar tace 'yan Olamfik ta 2008, 'yan kallo a garin Eugene suna ta kiran ta zo jami'ar Oregon. Ta zo ɗin, ta ci kambu biyu a rufaffen fili a 2011, amma kambun ratsa daji na ƙasa da kowa ya ɗauka nata ne bai taɓa shiga hannunta ba. Ashe rabonta yana can gaba, a gudun yada ƙanin wani. A 2017 ta zo ta uku a Boston, a karonta na farko, cikin awa 2 da minti 23.

Manomi ya san gero yana riga maiwa nuna. Ana tumun gero ana murna, maiwa tana nan kore shar, kuma babu mai hankalin da zai kama karanta ya ja don ta yi sauri. Masu gudun dogon zango galibi sai sun haura shekara 25 suke kai ganiyarsu, domin zuciya da huhu da jijiya a hankali suke ginuwa. Lokacin da kika yi kina 'yar 17 ba bashi ba ne da za a riƙa bin ki duk mako.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, maganar da babanki zai ji nauyin yi miki. Jikinki yana kan canzawa. Ƙugu zai buɗe, nauyi zai ƙaru, kuma mai yiwuwa agogo ya tsaya miki cik na shekara ɗaya ko biyu kafin jiki ya saba da sabon tsarinsa. A nan ne 'yan mata da yawa suke faɗawa rami. Sai yarinya ta ga kamar ƙiba ce ta rage mata gudu, ta fara rage cin abinci. Da farko takan ji ta yi sakayau, har lokacinta ya ɗan gyaru, wannan kuwa shi ne tarkon. Jikin da ba ya samun abin da ya kai yawan aikinsa yakan fara tsimi: al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke riƙe ƙarfin ƙashi ya ragu, ƙashi ya yi rauni ya fara tsagewa ba tare da an faɗi ba. Kuma shekarunki ɗin nan su ne shekarun da ƙashi yake tara ƙarfin da zai yi amfani da shi har tsufa. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba wannan matsala suna RED-S, ya ce maza ma tana kama su.

Mary Cain tana da shekara 17 ta kai zagayen ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta 2013 a Mosko. Ba ta tsaya yi wa jami'a gudu ba, ta shiga sahun ƙwararru kai tsaye ƙarƙashin koci Alberto Salazar. A 2019 ta fito a jaridar New York Times ta ce an matsa mata ta rage nauyi, har ta yi shekara uku ba ta ga al'ada ba, ƙasusuwanta biyar suka karye. Kocin ya musanta yawancin zargin, amma a 2021 an haramta masa horarwa har abada. Don haka, ɗiyata, idan wata uku suka wuce ba ki ga al'adarki ba, ki je wurin likita. Duk wanda ya ce miki alamar horo ya karɓe ki ce, bai san abin da yake faɗa ba. Jiki magayi.

Ki ci ki ƙoshi, ki yi barci isasshe. Ciwon da kike iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda yake ƙaruwa idan kina gudu, ki faɗa tun yana ƙarami, kada kunya ko tsoron rasa gurbi ya sa ki ɓoye. Hutun mako biyu ya fi sandar guragu ta wata uku. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, ɗalibi yana da shekara biyar da zai yi gasar shekara huɗu a cikinsu, saboda haka idan koci ya ce ki zauna shekara ɗaya kina horo kawai, ba wulaƙanci ba ne, ajiya ce. Ranar da aka ce a yi gudu a hankali, ki yi a hankali, kada ki mai da filin horo filin gasa don ki burge manyanki. Azumi idan ya kusa, ki zauna da kocinki da mai kula da abincinku tun da wuri ku tsara lokutan horo. Bayan tsere kuma ki kife wayarki. Masu yanke miki hukunci a intanet, akasarinsu ba su taɓa zagaya fili sau ɗaya ba.

Karatunki kuwa ki riƙe shi da hannu biyu. Cikin dubban da ke gudu a jami'o'in Amurka, 'yan ƙalilan ne gudu yake ciyar da su bayan sun gama. Gwiwa tana iya cin amanarki rana ɗaya, takardar digiri kuwa tana nan. Ki yi ƙawaye waɗanda ba su san lokacinki na mita 5,000 ba, kuma bai dame su ba.

Babanki ma ina da saƙo gare shi, ki nuna masa wannan layin. Yaya, idan ta kira bayan gasa, kada tambayarka ta farko ta zama ta nawa ta zo. Ka tambaye ta ko ta ci abinci, ka tambayi lafiyar ƙafarta. Yaron da ya ga fuskar iyayensa tana sauyawa da sakamako yakan koyi ɓoye ciwo.

Ba na hana ki buri, ɗiyata. Ki nemi ta ɗaya da duk ƙarfinki, in Allah Ya ba ki mu sha biki. Abin da nake roƙo shi ne ki ba jikinki lokacinsa, ki fito daga jami'a da ƙashinki lafiya, da digirinki a hannu, kina kuma son gudu kamar ranar da kika fara. Sannu ba ta hana zuwa. Ki gaishe da mamanki, kuma ki kira ni bayan tserenki na farko, ko ta nawa kika zo.