Taurari Hamsin

A PZ ko kasuwar Sabon Gari mukan ga rigar gwanjo mai tutar Amurka. Mu ƙidaya taurarinta. Guda 50 ne, kowace jiha da nata.

Da ba su kai haka ba. Amurka ta sayi Alaska a hannun Rasha a 1867, ta zama jiha a 1959. A 2025 Shugaba Trump ya ce Kanada ta zo ta zama ta 51. Mutanen Kanada suka ce a kai kasuwa.

Mu ma mun ga irin wannan. A 1961 aka tambayi mutanen Mubi da Ganye: Nijeriya ko Kamaru? Suka jefa ƙuri'a, suka zaɓi Nijeriya. Ƙasarsu ta zama Lardin Sardauna. Su an tambaye su. 'Yan ƙasar Alaska kuwa, ranar ciniki ba wanda ya ji ta bakinsu.