Me Addinin Kirista Ya Ce Kan Waɗanda Jama'a Ta Yasar?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ce ta aiko da wannan tambaya, tana son sanin ko kula da marasa galihu wajibi ne ga Kirista.

To, malama, wajibi ne. A Bisharar Matiyu sura 25, Yesu Almasihu ya nuna cewa ranar shari'a za a duba yadda mutum ya yi da mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku. Wasiƙar Yakubu kuma ta ɗora sahihancin addini a kan kula da marayu da gwauraye. Shi kansa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, a zamanin da ake gudun masu wannan cuta.

Ba sai kin je nesa ba. A Danja, kusa da ku, mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin kuturta a 1956, sannan a 2012 aka ƙara sashen gyaran yoyon fitsari, ciwon da ke sa miji ya kori mace, dangi su toshe hanci.

Duk wanda ya san mai fama da wannan lalura, don Allah ya kai ta asibiti, ana warkewa.