Wane kwarkwaron fatsa zan saya?

Tambaya: Malam, aiki ya kawo ni Ontario a Kanada. Masu fatsa a kogunan nan suna amfani da kwarkwaro mai faɗi da ake kira centerpin. Wanne ya dace da sabon shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara sanin aikinsa. Wannan kwarkwaro ba shi da giya, ba shi da birki. Ruwan kogi ne ke jan totuwar da ke riƙe da koto, zaren yana warwaruwa daidai da gudun ruwan, har kifi ya ɗauka abinci ne ya taho da kansa. Yatsanka shi ne birkin.

Saboda haka kada tsawon juyinsa a shago ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne saurin tashinsa: ka rataya ɗan ƙaramin nauyi a bakin zaren. In ya motsa nan take ba tare da tangaɗi ba, ya yi. In sai ka tura shi, ajiye musu kayansu.

Ga kifin steelhead na kogunanku, nemi mai faɗin inci 4.5 zuwa 5, don juyi ɗaya ya naɗo zare da yawa. Turawan Ingila, masu kwarkwaron Allcock Aerial tun 1896, sun fi son ƙanana saboda kifinsu. Kwarkwaro mai boris ya fi sauƙi ga mai koyo, sai dai yashi abokin gabarsa ne, kada ka ajiye shi a ƙasa. Haɗa shi da sanda mai tsawon ƙafa 13, kuma ka koyi jifa a fili kafin ka je kogi.